Neman kalma: me za mu kira "shambur furwad" a ajiyar ɓauren ƙaya?

Malamin gona, Mirriya:
Assalamu alaikum. Ana mayar da wata takardar koyarwa daga Faransanci zuwa Hausa domin masu lambu, a kan itacen nan mai kaurin ganye da ƙaya wanda Faransawa ke kiran ƴaƴansa "fig da Barbari". Asalinsa ƙasar Meksiko ne, ana kuma cinikinsa a Maroko da Tunusiya da tsibirin Sisili na Italiya, da yankin Tigirai na Habasha inda suke ce masa beles. Misirawa "tin shauki" suke cewa, wato ɓaure mai ƙaya, shi ya sa na rubuta "ɓauren ƙaya". Wurare uku ne suka tsaya mini: shambur furwad (sunan da Faransawa ke ba wurin da inji ke sanyayawa domin ajiye kaya masu saurin lalacewa), da tsawon lokacin da ɗan itacen ke yi bai lalace ba, da ɓarnar da sanyi da kansa ke yi masa.

Mai gyaran firigo, Zango:
Wa alaikumus salam, Malam. Ko me za a zaɓa, don Allah kada a rubuta "firigo". Mai karatu zai ɗauka na gida ake nufi, shi kuwa digiri 3 zuwa 5 yake riƙewa, kwanjilatar mai daskarar da kaya kuma 18 ƙasa da sifiri. Ɓauren ƙaya digiri 6 zuwa 8 yake so, da danshin iska 90 zuwa 95 cikin ɗari. A haka yana yin mako 2 zuwa 5, gwargwadon irinsa da yadda aka tsinke shi. A zafin Damagaram na Afrilu da Mayu, da ake wuce digiri 40, ƴan kwanaki kaɗan zai yi ya yamushe. Ni "ɗakin sanyi" nake ba da shawara.

Hajiya mai sarrafa ƴaƴan itace, Birni:
Ƙanena, "ɗakin sanyi" kowa falon da aka sa wa kilima zai hango. Kilima busar da iska take yi, kuma ba ta sauka zuwa 8. Wanda ya jibge kayansa a can zai tarar fata ta tattare, nauyi ya ragu. Ina ganin "rumbun sanyi" ya fi, domin da jin rumbu an san ajiyar amfanin gona ce, an kuma san ba a buɗe shi kowane lokaci.

Mai gyaran firigo:
Hajiya, maganar rashin yawan buɗewa ta yi mini daidai. Duk buɗe ƙofa iska mai zafi ke shiga, ta zama raɓa a jikin ɗan itace, raɓar nan kuwa ita funfuna ke jira. Haka ma in an ɗauke wuta: a bar ƙofa a rufe har ta dawo. Abin da ke damuna da rumbu shi ne hatsi bushewa yake so, wannan kuwa danshi. Kada manomi ya ji rumbu ya ce a busar.

Malamin gona:
To a farkon ambato sai a rubuta "rumbun sanyi mai danshi", a sa alƙaluman a gefe, daga baya a taƙaita. Sai ɓarnar sanyi. Idan ɗan itacen ya daɗe ƙasa da digiri 5, fatar kan yi ƴan ramuka da tabo ruwan ƙasa, daga nan ruɓa ta samu ƙofa. Abin da ke ruɗar mutane shi ne alamar ta fi fitowa bayan an fito da kaya waje sun ji ɗumi, sai a ɗora wa mai mota ko mai tebur laifi alhali tun a rumbu aka yi ɓarnar.

Hajiya:
"Ƙunar sanyi", Malam. Tabon da na ƙuna yake kama, kuma kalmar na sa mutum ya tsaya ya tambaya yadda sanyi ke ƙuna. Kada a ce "daskarewa", ba ƙanƙara ya zama ba. Akwai kuma rigakafi da ya kamata ya shiga takardar: a tsoma ƴaƴan a ruwan ɗumi na digiri 50 zuwa 55 na minti 3 zuwa 5, a tsame, a bari su bushe sarai kafin a shigar da su. Yana rage ƙunar sanyi da funfuna gaba ɗaya. Amma da ma'aunin zafi ake yi, ba da yatsa ba, don in ruwan ya zarce fatar ce za ta dahu.

Dattijo mai lambu, Gidimuni:
Ƴaƴana, kun fara daga rumbu, aikin kuwa daga tsinka yake farawa. Wannan ɗan itace ba ya ƙara zaƙi bayan an raba shi da uwarsa, saboda haka wanda aka tsinka ɗanye haka zai fito daga sanyin. A jira launi ya fara juyawa, ramin da ke kansa inda fure ya faɗi ya cike, amma jiki na da tauri. Kada a murɗe. Murɗawa na yage gindi, ta nan ruɓa ke shiga. A yanka da wuƙa mai kaifi a bar ɗan guntun ganye a manne, a shimfiɗa a inuwa inda iska ke bi kwana ɗaya ko biyu, guntun ya bushe ya toshe wurin. Wannan "shan iska" za ku kira shi, ba sai an nemo sabuwar kalma ba.

Sai ƙananan ƙayoyin nan na jikinsa masu kamar gari. Sunansu na nan a bakinmu: ƙaiƙayi, irin na gero. A yi tsinka da sassafe kafin iska ta tashi, lokacin da ba sa tashi su shiga ido, a sa safar hannu, a goge su da buroshi mai laushi. In an bar su, ƴaƴan ne ke sokar junansu a hanya, kowane huji kuma sai ya zama tabo.

Malamin gona:
Allah ya ƙara girma, Baba. "Ƙaiƙayi" da "shan iska" sun shiga. A kan tsawon lokacin ajiya, na fara sa "wa'adi".

Mai gyaran firigo:
Wa'adi rana ce tsayayya, irin wadda ake bugawa a gwangwanin madara. Wannan kuwa ƙaruwa yake da raguwa gwargwadon kulawa. "Ƙarko" na tufa ne da takalmi. A ce "kwanakin ajiya", tunda adadi na iya binsa kai tsaye: kwanakin ajiyarsa 21 a digiri 7.

Hajiya:
Na yarda. Ga wadda ba ku tambaya ba: ambalaj, wato abin da ake zuba kaya a ciki a rufe. Kada a sa "ƙunshi", mata lalle za su ji. A faɗi abin da ake yi kawai: "jeri a kwali" da "leda mai huji". Kwali mara zurfi mai ƙofofin iska a gefe, jeri ɗaya ko biyu, ba buhu ba, don na ƙasa matsewa suke yi su fashe. A shimfiɗa siririyar leda a ciki a lulluɓe, ita ke hana ruwan jikinsa tafiya. Dole a huhhuje ta. Ɗan itacen na numfashi ko bayan tsinka, in an ɗaure leda ruf gumi ya taru a ciki, iska ta ƙare, ɗanɗano ya juya ya yi tsami. Wanda aka fere kuwa hukuncinsa daban: babu fatar da za ta ƙone, sai a sa shi a roba mai murfi a digiri 4 ko 5, a sayar cikin mako guda.

Mai gyaran firigo:
A ƙara da cewa kwalaye ba sa jingina da bango, ba sa zama a ƙasa sai a kan katako, kada kuma su fuskanci bakin fanka, nan ne ya fi ko'ina sanyi. Ma'aunin zafi a tsakiyar kaya ake sa shi, ba bakin ƙofa ba.

Dattijo mai lambu:
Wanda ba shi da wuta fa? Akwai tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yaɗa har ya samu kyautar Rolex a 2000. Tana aiki da rani sa'ad da iska ta bushe, da damina ƙarfinta kaɗan ne. Ba ta kai digiri 8, saboda haka kada ku kira ta rumbun sanyi a takardar. Ku ba ta sashenta da sunanta, ku rubuta cewa kwanaki take ƙarawa, ba makonni ba, a kuma riƙa jiƙa yashin safe da yamma.