Wane hedifon zan saya na aiki da tafiya?

Uwar Biyu: Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah shawara nake nema. Ina son hedifon babba, irin mai rufe kunne ruf, mara waya, mai kashe hayaniya. Rabin aikina yanzu a gida nake yi, mitin a Zoom kusan kullum, ga injin maƙwabta da ke tashi da zarar an ɗauke wuta. Duk sati biyu kuma ina hawa jirgin ƙasa daga tashar Rigasa a Kaduna zuwa ta Idu a Abuja, sannan akwai tafiyar jirgin sama a gabana bayan sallah. Ba na son in zuba kuɗi in dawo ina da-na-sani.

Ɗan Auta: Wa alaikumus salam Anti. Sony XM5 kawai, magana ta ƙare.

Injiniya: Ba ta ƙare ba Auta. XM5 ba ya naɗewa, kunnuwan kawai ke kwantawa, don haka jakarsa na cin wuri sosai. Mai yawan tafiya sai ta yi tunani. XM4 na 2020 yana naɗewa, kuma da suka fito da XM6 a 2025 sun dawo da naɗin. Dukansu wajen awa 30 suke yi a caji ɗaya.

Ɗan Auta: Amma makirfon XM5 ya fi na XM4, ita kuwa mitin ta ce.

Injiniya: Wannan gaskiyarka ne.

Baffa: Uwar Biyu, kafin a kai ga suna da lamba, bari in ba ki labarina, don abin har yau yana ci mini rai. Bara da zan tafi Umara na shiga wani shago, saura kwana biyu mu tashi. Yaron shagon ya ɗauko mini na wani babban kamfani, kwali a liƙe da leda, ga hatimi, ga 'yar takardar bayani a ciki. Kuɗin bai kai rabin yadda na ji ana faɗa ba. Na tambaye shi dalili, ya ce tsohon kaya ne da suka shigo da shi kafin dala ta tashi. Na sa a kunne a nan cikin shagon, sauti ya fito da ƙarfi, na danna maɓallin kashe hayaniya, wata murya ta yi magana da Turanci, na ji kamar wurin ya ɗan yi shiru. Na biya.

Sai da jirgi ya ɗaga na gane abin da na saya. In danna maɓallin, in sake dannawa, gurnanin jirgi na nan yadda yake, abin da ya ƙaru kawai wani shuuu ne a cikin kunne. Shirun da na ji a shago ashe soson ne ya toshe kunnena, ba komai ba. Na ƙure sauti don in ji karatun da na sa, kafin mu sauka Jidda kaina kamar zai tsage, batirin kuma ya mutu. Wani matashi da ke kusa da ni ya ce in sauke manhajar kamfanin in gwada haɗawa. A masauki na yi haka, manhaja ta yi ta lalube ba ta ga komai ba. Da na dawo gida na koma shagon, aka ce an riga an buɗe kwali, ba a karɓa, rasit ɗin da aka ba ni ma babu lambar kaya a jiki. Ba kuɗin ne ya fi damuna ba, rantsuwar da yaron ya yi mini ce.

Don haka ki sauke manhajar kamfanin a wayarki tun daga gida. A gaban mai shagon ki haɗa. In manhaja ba ta gane shi ba, ki ajiye masa kayansa. Kuma ki fita da shi bakin titi ko kusa da injin shagon ki danna ki saurara, a sa miki lambar kayan a rasit.

Hajiya Babba: Allah ya mayar da alheri Alhaji. Arha ba ta ado.

Mai Shago: Amin. Amma don Allah kar a yi mana kuɗin goro, akwai masu tsoron Allah a kasuwa. Ni da bakina nake gaya wa mutum wannan na asali ne, wannan kwafi ne, ya zaɓa. Kuma ku sani, jabun na Apple har hoton nan na haɗawa suna fitarwa a fuskar iPhone, kar wannan ya ruɗi kowa.

Baffa: Ban ce duka ba, Alhaji. Na faɗi abin da ya same ni ne.

Injiniya: Labarin Baffa ya tuna mini abin da ya kamata a fara da shi. Yadda abin ke aiki: akwai ƙananan makirfo a jikin kowane kunne, suna ɗaukar ƙarar waje, sai na'urar ta ƙirƙiro kishiyar wannan ƙarar ta tura, su haɗu su kashe juna kafin su isa dodon kunne. Shi ya sa ya fi cin ƙara mai kauri wadda ba ta canzawa, kamar gurnanin janareto, injin jirgi, ko esi. Amma kukan yaro, hon ɗin mota, hirar mutane, waɗannan suna tashi suna sauka ba shiri, raguwa kawai za su yi, kuma yawancin ragin daga soso yake. To Uwar Biyu, injin maƙwabta zai koma kamar daga wata unguwa yake, amma 'yan biyu in suka fara, za ki ji su.

Wani abu kuma, in kin ga an rubuta ENC a kwali, ba shi ne ANC ba, wato wannan tsarin kashe hayaniya da na bayyana yanzu. ENC muryarki yake tacewa don wanda ke ɗaya ɓangaren kira ya ji ki da kyau. ANC shi ne na kunnenki. Mutane da yawa sun sayi na farkon suna zaton na biyun ne.

Uwar Biyu: Wallahi da ENC ɗin zan saya, har na sa shi a kwandon saye. Na gode Yaya Injiniya. Su 'yan biyu gara ma in riƙa jin su.

Anti Likita: Ƙanwata, tambaya biyu. Kina sa tabarau? Kuma a kan hijabi za ki ɗora ko a ciki? Ƙafar tabarau mai kauri tana buɗe kafa tsakanin soso da fata, haka ƙullin ɗankwali, kuma da zarar iska ta samu hanya aikin ya ragu. Ki je gwaji da shigar da kike aiki da ita, ki bar shi a kanki ko minti 15 ne. Wasu na jin kamar an danne musu kunne, wasu har jiri, wannan ba a gane shi a minti ɗaya. Alfanunsa a wurina shi ne ba sai mutum ya ƙure sauti ba. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya ga babba shi ne ƙarfin sauti desibel 80 na awa 40 a mako, in an haura haka lokacin raguwa yake yi sosai.

Uwar Biyu: Tabarau kam ba na rabuwa da shi.

Anti Likita: To ki gwada Bose QuietComfort. Ba ya matse kai sosai, ga laushin soso, kuma yana naɗewa. Awa 24 yake yi, ya ishe ki.

Bazazzagi: Duk wannan dogon Turanci, AirPods Max na Apple fa? Mai iPhone ba ya buƙatar wani.

Ɗan Auta: Giram 385 a kai, Yaya? XM5 na Sony giram 250 ne. Ga dala 549 da ya fito da ita, awa 20 kacal, ko maɓallin kashewa babu, sai an mayar da shi cikin rigarsa.

Bazazzagi: Bakano dai ba ya son jin kuɗi sun fita daga aljihu.

Ɗan Auta: Bazazzagi kuwa zai ci bashi ya sayi tambari, ya dawo yana tambayarmu caja.

Hajiya Babba: Ku dai ba kwa gajiya. Ku bar baiwar Allah ta samu amsa.

Malam Na Tudu: Ni abin da zan ƙara ɗaya ne. Ku riƙa lura da lokacin sallah, don ɗana ya sha rasa jam'i saboda abin nan, masallaci na jikin gidanmu amma bai ji kira ba. A sa ƙararrawa a waya. Kuma kar a yi tafiya da shi a titi, mutum ba ya jin babur a bayansa, ga masu ƙwacen waya.

Injiniya: Haka ne Malam. Kusan duka suna da tsarin da ke shigo da sautin waje in an kunna. A na Sony ma in ka ɗora tafin hannu a kunnen dama za ka ji mai yi maka magana. A tasha a bar shi a haka don kar sanarwa ta wuce mutum.

Ɗalibi: Ranku ya daɗe, mu masu ƙaramin ƙarfi fa? Ni Soundcore Space Q45 nake da shi, dala 150 ya fito, awa 50 da ANC a kunne, yana haɗuwa da waya da laftof a lokaci guda. Kira na shigowa yake tsallakawa waya da kansa. Sati nake yi ban yi caji ba, a wannan halin na wuta ba ƙaramin abu ba ne. Bai kai Sony da Bose shiru ba, amma injin gidanmu ya daina hana ni karatu.

Injiniya: In batir ake nema, Sennheiser Momentum 4 awa 60 ne. Shi ma dai ba ya naɗewa.

Mai Shago: Abin da ba wanda ya faɗa: zafi. Soson nan fatar roba ce, gumin watan Afrilu da man gashi su ke cinye ta, sai ta fara ɓarewa tana zuba baƙi-baƙi a wuya. Ki riƙa gogewa da tsumma mai ɗan laima bayan aiki, kar ki bar shi a mota cikin rana. Kuma ki zaɓi wanda ake samun sosonsa a kasuwa. Na Sony da Bose ba sa wahalar samu.

Baffa: Ta kuma duba akwai 'yar wayar nan ta jona hedifon mai bakin milimita 3.5 a cikin kwali. Talabijin ɗin bayan kujera a yawancin jirage da ita ake haɗawa. Kuma a jakar hannu za ki sa shi, ba a akwati ba.

Uwar Biyu: Na rubuta duka. Asabar zan je in gwada Bose ɗin da XM4 da kuma na Ɗalibi, da tabarauna da hijabina. Alhaji Mai Shago, kuna da ukun?

Mai Shago: Biyu na nan, ɗayan sai na tambaya miki Legas. Ki yi mini magana ta gefe.

Bazazzagi: A gwada mata AirPods Max ɗin ma, ko don ta ji.

Hajiya Babba: Uwar Biyu, tunda kina hawa jirgin Rigasa, na safe ƙarfe nawa yake tashi yanzu? Ina da asibiti a Abuja ranar Talata.

Ɗalibi: Hajiya ki duba a shafinsu, suna canza lokaci. In kin yarda in saya miki tikitin yau da daddare.