Me za mu ce wa "fatty acids" a shirin rediyo kan man kifi na karnuka?

Mai gabatarwa: Salamu alaikum malamai. Gobe da ƙarfe goma zan naɗi shirin kiwon dabbobi, batun man kifi da ake ba karnukan gadi da na farauta saboda ƙaiƙayin fata da ciwon gaɓoɓi. Likitan da zan yi hira da shi ya turo min bayanansa da Turanci, kusan kowane layi akwai "omega-3 fatty acids". Ba na son in yi ta jefa Turanci a kunnen mafarauci. A taimaka.

Ɗan Zariya: Wa'alaikumussalam. Sinadaran kitse. An gama.

Likitar dabbobi: Malam, kitse ba zai yi ba. Kitse shi ne wanda ke daskarewa a kan miya idan ta huce. Wannan kuwa ruwa-ruwa yake ko a firji. In mai kare ya ji "kitse" a rediyo, gobe zai je wurin mahauci ya sayo kitsen shanu ya zuba wa karensa, abin da zai samu zawo ne, wani lokaci har kumburin ciki mai tsanani. Abin da muke nufi sinadarai biyu ne masu suna EPA da DHA, na kifayen teku masu maiƙo irin su sadin da taitus.

Mai kishin harshe: Tun bara na kawo kalmar nan a wannan zaure aka yi banza da ita: TSAMAIƘO. Tsami da maiƙo. Gajeriya ce, tana da daɗin faɗa, jam'inta tsamaiƙai. Ga asid ɗin ga man, duk a ciki.

Malamin kimiyya: Ranka ya daɗe, a nan gizo ke saƙar. A cikin man, sinadaran nan uku-uku suke ɗaure a jikin wani sinadari mai suna gilisarol, shi ya sa ba a jin wani tsami a baki. Bahaushe in ya ce mai ya yi tsami, ya lalace ke nan. Man kifi kuma yana saurin ɓaci in iska da zafi suka taɓa shi, balle a watan Afrilu a Sakkwato. Ta yaya mai shiri zai ce "ku ba shi tsamaiƙo", bayan minti biyu ya ce "in ya yi tsami ku zubar"?

Mai kishin harshe: To sai mu zauna muna aron kalma har abada? Larabawa sun yi tasu, masu Suwahili sun yi tasu, mu ne kullum a baya. Wanda bai ƙirƙira ba ai shi ke saurin kushewa.

Ɗan Maraɗi: Mu a nan "acides gras" muka koya a lakwal, in ka ce wa tsoho asid, ruwan batir yake gani. Ku dai cire asid ɗin gaba ɗaya. Kuma don Allah in za ku yanke magana ku tuna ana jin rediyonku har Damagaram, ba Kano kaɗai ke da Hausa ba.

Ɗan Zariya: Wa ya ambaci Kano yanzu?

Baban yara: Ni abin da ya ɗaure min kai, mutane ba su samu kifin miya ba, ana maganar man kifi na kare. Wannan ai gatan Turawa ne.

Likitar dabbobi: Baba, je ka tambayi mafarauci nawa ya sayi karensa, za ka ji kuɗin da ya fi na tunkiya. Tsohon kare da ƙafa ta riƙe ba ya bin zomo, ba ya tashi in ɓarawo ya haura katanga. Amma mu koma kan aikin bawan Allah nan.

Mai kishin harshe: Aikin ai shi ne tsamaiƙo. Kuma omegan ma a fassara shi. Harafin ƙarshe ne na Girkanci, sai mu ce "ƙarshe-uku".

Malamin kimiyya: Ukun nan ƙirge ne daga wutsiyar sarƙar kabon zuwa inda mahaɗi mai ninki biyu na farko yake. Ba abin da mai sauraro zai yi da wannan. Abin da zai yi shi ne ya shiga kemis ya duba kwalba, a kwalbar kuwa omega-3 aka rubuta. In ka ce masa ƙarshe-uku, mai shago zai ce babu. Bayan binciken George da Mildred Burr na 1929 a Amurka, har bitamin F aka riƙa ce wa wasu daga cikin sinadaran nan, sunan bai zauna ba. Ba kowace ƙirƙira ke rayuwa ba, ko a wurin masu abin.

Likitar dabbobi: Ni shawarata "sinadaran maiƙo", sai a bar omega-3 yadda yake. Abin da ya fi damuna ma wani ne. Ka rarrabe man kifi da man hantar kifi, irin wanda iyaye ke ɗura wa yara da cokali. Na hanta cike yake da bitamin A da D, in ya taru a jikin kare guba ne. Ka kuma ce awon ya danganta da nauyin kare, likita ne zai faɗa, kuma a sanar da shi in za a yi wa karen tiyata, don yawan man kifi na rage saurin daskarewar jini.

Mai gabatarwa: Na gode ƙwarai, Likita. Zan tafi da "sinadaran maiƙo na omega-3" a karon farko, daga nan in riƙa cewa omega-3 kawai. Saura "supplement". Ƙarin abinci?

Ɗan Zariya: Ƙarin abinci ai a ƙara masa tuwo ke nan. Ciko ya fi. Cikon abinci.

Ɗan Maraɗi: Ciko a wurinmu na haƙori ne.

Mai kishin harshe: Sinadari ma ba ta fi tsamaiƙo ba, doguwa ce kawai. Ku je da ita tunda kun fi yawa. Ni a ajina tsamaiƙo zan ci gaba da rubutawa a allo.

Mai gabatarwa: Allah Ya ba da haƙuri, Malam. Cikon nan fa, a tsaya a kansa ko akwai wata? Zan duba wayata bayan sallar asuba.