Muhawara: Sergio Leone ɗan wanki ne ko mai ƙirƙira?

Malam Sani: Assalamu alaikum. Ra'ayina shi ne, sunan da daraktan nan na Italiya, Sergio Leone, ya yi a duniya da kayan wani ya same shi. Fim ɗin kaboyin da ya ɗaga shi a 1964, A Fistful of Dollars, labarin Yojimbo ne wanda Akira Kurosawa na Japan ya fitar a 1961: baƙo ya sauka a garin da ɓangarori biyu ke gaba da juna, ya riƙa haɗa su faɗa yana karɓar kuɗin kowa. Ko wurin da jarumin yake gaya wa mai ƙera akwatin gawa yawan akwatunan da zai tanada bai bari ba. Abin da muke kira wanki ke nan a masana'antar fim ta Kano.

Hajiya Bilkisu: Wa alaikumus salam, Malam. Babu mai musun cewa ya ɗauki labarin ba da izini ba, domin Toho, kamfanin Japan da ya fitar da Yojimbo, ya kai ƙara, aka sasanta a kan kashi 15 cikin ɗari na kuɗin da fim ɗin ya samu, kuma sai a 1967 aka nuna shi a Amurka. Sai dai abin da ya sa ake tunawa da Leone ba labarin ba ne. Salon ne, yadda kyamara za ta tsaya a kan idon mutum, gumi na gangarowa, babu mai cewa uffan, sannan fito da ƙarar bulala na kiɗan Ennio Morricone su cika wurin kafin bindiga ta tashi. Wannan bai are shi daga Japan ba.

Alhaji Habu: Ina tare da Hajiya. Shi kansa Leone ya kare kansa da cewa labarin bawa mai iyayen gida biyu yana cikin wasan kwaikwayon Carlo Goldoni na Italiya tun ƙarni na 18.

Malam Sani: Ranka ya daɗe, wannan hujja bayan an kama shi aka nemo ta. Wasan Goldoni na barkwanci ne, babu akwatin gawa.

Hajiya Bilkisu: Wannan kam gaskiyarka ce, Malam, hujjar ba ta da ƙarfi. Amma kada mu auna mutum da aiki ɗaya. An haife shi a Roma a 1929, mahaifinsa darakta ne tun zamanin finafinan da ba su da murya, shi kuma ya shafe shekaru yana mataimakin darakta kafin ya riƙe nasa a 1961. Finafinai bakwai kawai ya bari lokacin da ya rasu a 1989, kuma na ƙarshen, Once Upon a Time in America na 1984, ya fi shekara goma yana fafutukar yin sa, sai masu rarrabawa a Amurka suka datse shi daga minti 229 zuwa 139. Wanda wanki ne sana'arsa ba ya irin wannan haƙurin.

Malam Sani: Na yarda gwani ne, Hajiya, amma kuɗi da amincewar da suka ba shi damar yin sauran biyar ɗin da suka biyo baya daga wancan fim na 1964 suka fito.