Me ya sa ƙananan abubuwa masu yawo a kan ruwa suke haɗuwa da juna?

Ɗalibar Kimiyya:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Na daɗe ina lura cewa idan kumfa ta fito a saman ruwa cikin kofin gilashi, ƙwayoyinta ba sa zama a warwatse, sai su riƙa matsowa har su dunƙule, daga nan su je su lafe a jikin kofin. Na kuma ɗora allurai biyu a hankali a kan ruwa, su ma suka haɗu, amma suka ƙi zuwa gefe. Tunda ba maganaɗisu ba ne, wane ƙarfi ne yake jan su? Sannan na ji an ce makamancin haka yana faruwa tsakanin furotin da ke cikin tantanin ƙwayar halitta, wato siririyar fatar da ta lulluɓe ƙwayar. Shin abu ɗaya ne?

Malamin Fiziks:

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Abin da ya kamata ki fara riƙewa shi ne, ba abubuwan ne suke jan juna ba, fuskar ruwan ce take haɗa su. Fuskar ruwa tana da ɗauri kamar na fatar da aka ja aka ɗame, kuma duk abin da ya zauna a kanta yana lanƙwasa ta. Ƙwayar kumfa, da yake ba ta kai ruwa nauyi ba, tana ɗaga fuskar ta yi ɗan tudu, ita kuwa allura nauyinta yana dannawa ya yi ɗan kwari. Kumfa kullum sama take nema, don haka idan ta tarar da tudun da 'yar'uwarta ta yi sai ta hau shi, allura kuma sai ta gangara cikin kwarin da ɗayar ta yi. Ƙa'idar ke nan: masu lanƙwasa iri ɗaya suna haɗuwa, masu lanƙwasa mabambanta suna ture juna.

Wannan ne ya amsa batun gefen kofi. Ruwa yana ɗan hawa jikin gilashi mai tsabta, shi ya sa kumfa take zuwa can, allura kuma take gudu. Ki cika kofin maƙil har ruwan ya yi tozo a kan baki, za ki ga kumfar ta koma tsakiya. A ganina babu gwajin da ya fi wannan gamsar da mai shakka. Tasirin ba ya nisa, domin lanƙwasar tana dusashewa cikin tazarar da ma'auninta a ruwa yake kusan milimita 2.7. Wani masani mai suna Nicolson ya yi lissafinsa ga kumfa tun 1949, sannan Vella da Mahadevan suka sake bayyana shi dalla-dalla a 2005.

Mai Binciken Sinadarai:

Malam ya yi bayani mai kyau, sai dai ina son in ƙara batun girma, wanda sau da yawa ake tsallakewa. Idan nauyi ne ya jawo lanƙwasar, ƙarfin yana raguwa da sauri ƙwarai yayin da ƙwayar take ƙanƙancewa: a rage faɗinta da rabi, ƙarfin ya ragu sau 64. Ƙwayar da ba ta wuce 'yan maikiromita ba (maikiromita kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), nauyinta ba ya iya lanƙwasa komai. Amma idan tana zaune cikin siririn shimfiɗin ruwa, kanta a waje, yadda ruwan yake jiƙa jikinta shi ne yake lanƙwasa fuskar, kuma wannan yana aiki har ga ƙwayoyin da ake aunawa da nanomita, wato kashi ɗaya cikin dubu na maikiromita. Kralchevsky da Nagayama sun yi dogon aiki wajen rarrabe waɗannan nau'o'i biyu, kuma da na biyun ake jera ƙwayoyi sahu-sahu a kan gilashi yayin da ruwa yake bushewa.

Ɗalibar Kimiyya:

Na gode, malamai. Na yi gwajin cika kofin, kuma kumfar ta koma tsakiya kamar yadda aka faɗa. Saura batun tantani.

Malamar Nazarin Halittu:

Tushen ɗaya ne, ƙanwata, amma kada ki ɗauki ƙa'idar ruwa ki ɗora a kan tantani kai tsaye. Tantanin ƙwayar halitta kaurinsa kusan nanomita 5 ne, nauyi ba shi da tasiri a wurin, kuma abin da tantanin ya fi ƙi shi ne a tanƙwara shi, kamar yadda Helfrich ya tsara a lissafi a 1973. Furotin mai siffar mazurari yana tilasta wa tantanin da ke kewaye da shi karkata, kuma lissafin da ya biyo bayan aikin Goulian, Bruinsma da Pincus na 1993 ya nuna cewa irin waɗannan guda biyu masu kama ɗaya ture juna suke yi, saɓanin kumfa, kuma idan tazararsu ta ninka, kuzarin hulɗar yakan ragu sau 16.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne, labarin yana sauyawa idan sun yi yawa ko lanƙwasar ta yi tsanani. Gwajin kwamfuta da Reynwar da abokan aikinsa suka wallafa a 2007 ya nuna ƙwayoyi masu lanƙwasa tantani sosai suna taruwa wuri ɗaya har tantanin ya kumbura ya zama ɗan ƙunshi, alhali ba a sanya wani ƙarfin jan juna kai tsaye a tsakaninsu ba.