Inda za a sha kallo a Kano daga kaka zuwa hutun Disamba

A wata tattaunawa da aka yi kan inda za a kai iyali idan an ba da hutu, dambe aka fara ambata, tunda da kaka ne wasan ke kankama. Sai dai an ce gidan dambe ba wurin ƙananan yara ba ne, ga cunkoso ga ƙura. Su a kai su gidan zoo na Audu Bako ko gidan tarihi na Gidan Makama, da hantsi, kowa da rigar sanyi. Masu son fim kuwa sun rabu. Wasu sinima suka zaɓa, wasu suka ce da tikitin mutum biyar gara a sayi data a kalli Kannywood a YouTube ana shan rake. Ni dai ina bayan masu rake.