Masu ɗaukar hoto, nawa kuka karɓa a bikinku na farko?

Sabon shiga, Garwa (Kamaru): Salama alaikum yayyena. Wata uku ke nan da na sayi wata kyamarar Canon ta hannu. An kira ni ɗaurin aure a Yelwa, uwar amarya ta ce nawa ne aikinka, sai bakina ya mutu, na ce "Hajiya, abin da ya sauƙaƙa." Ku da kuka riga mu, yaya kuka fara yanka farashi?

Mai hoto daga Domayo, Marwa: Ƙanena, wannan kalmar ce ta kashe ni a farko. Bikin da na fara yi, tun hantsi nake tsaye har bayan isha'i, rana na dukan ƙeyata. Na biya ɗan mashin zuwa da dawowa har sau uku, na kwana biyu ina gyaran hotuna, ana ɗauke wuta ina ɗaukar kwamfuta zuwa shagon caji. Da na kai aikin, angon ya zaro sefa 5,000 a ninke ya cusa mini a aljihun riga, har da addu'a. Na dawo gida na zauna da biro: kuɗin mashin, kuɗin caji, wankin hoto guda 20 da na yi alkawari. Ashe ni na yi masa gudummawa! Tun ranar, kafin in faɗi kuɗi sai na rubuta abin da zai fita daga aljihuna, sannan in ɗora ladan wunina da na kwanakin gyara. Mutane yinin biki kaɗai suke gani. Kuma ka riƙa ware wani abu don kyamarar kanta, ƙurar hunturun nan ba ta raga wa gilashi.

Yar Sabongari, Ngaundare: Ni abin da ya taimake ni, akwai gidajen da namiji ba ya shiga wurin kamu, dole a neme ni. Duk da haka dangi suka fi ba ni wahala. Gwaggona ta ce "ai 'yarmu ce," aka sallame ni da turmin atamfa da robar cincin. Yanzu ko wa ye, rabin kuɗi kafin alƙalami, ta Orange Money ko MoMo, sauran ranar karɓar hoto. Kuma ba na tura ko ɗaya ta WhatsApp sai an cika, don wanda ya riga ya ɗora a status ba ya sake ɗaga waya.

Dattijon situdiyo, Garwa: Ku yi a hankali dai. Yaron da bai da hoto goma na nunawa ba zai tsuke fuska kamar mu ba. Ni da hoton kat-kat, wato ƙaramin hoton fasfo, na 'yan makaranta na fara. Ka yi biki biyu ko uku da sauƙi, amma da bakinka za ka faɗi adadin.

Ɗan Kusuri: Baba ya yi gaskiya. Ni idan aiki na tsallaken gada ne, cikin Njamena, kuɗin hanya daban nake faɗa tun a waya. Sefar ɗaya ce, wahalar ce ba ɗaya ba.

Sabon shiga, Garwa: Na gode ƙwarai. Hajiya ta aiko da 7,000 ɗazu, wai a ƙara mata hoto 10 na dangin ango. Anjima zan kira ta, ina ta maimaita abin da zan ce.