Tiyatar kansar maƙoshi: ina neman shawararku

Mai tambaya: Assalamu alaikum jama'ar zaure. An gano kansa a maƙoshin mahaifinmu, can ƙasan hanyar abinci kusa da tumbi. Hoto ya nuna ba ta bazu ba, amma likita ya ce sai an yi kemo (maganin kashe ƙwayoyin kansa) da gashi (ƙona kansar da hasken na'ura) kafin tiyata. Hankalinmu bai kwanta ba. Me zai hana a cire ta yanzu a huta?

Ma'aikaciyar jinya: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Ku bi maganar likita, ba ɓata lokaci ba ne. Binciken CROSS da aka yi a Holan, wanda ya fito a 2012, shi ya daidaita wannan batu. Matsakaicin tsawon rayuwar waɗanda aka yi wa kemo da gashi na mako biyar kafin tiyata ya kai wata 49, na waɗanda aka yi wa tiyata kaɗai kuwa wata 24. Maganin yana rage girman ƙarin, sai likita ya samu ya yanke shi tas. Wasu kuma kemo zalla ake ba su kafin aiki da bayansa, ya danganta da irin kansar.

Wanda aka yi wa aikin: Ƙanena, ni an yi mini. Abin da zan ce maka shi ne ka tambayi asibitin kai tsaye: aiki nawa irin wannan suke yi a shekara? Kar ka ji nauyi. Aikin babba ne, ana cire yawancin maƙoshin, a mayar da tumbi kamar bututu, a ja shi sama a ɗinke.

Ma'aikaciyar jinya: Gaskiyarka Yaya. Wani bincike na Amurka a 2002 ya nuna mace-mace sun kai kusan kashi 20 cikin 100 a asibitocin da ba su cika yin aikin ba, kusan kashi 8 a waɗanda suka saba. Ba hannun likita kaɗai ba ne. Idan ɗinki ya fara yoyo da tsakar dare, ma'aikatan da suka saba ne ke ganewa tun daga zazzaɓi da bugun zuciya.

Mai tambaya: Anti, an ambata mana Ivor Lewis. Mene ne shi?

Ma'aikaciyar jinya: Sunan likitan da ya bayyana salon ne a 1946: a buɗe ciki da gefen dama na ƙirji, ɗinkin ya zauna cikin ƙirji. A salon McKeown har wuya ake buɗewa. Ku tambaya ko suna yi da kyamara ta ƙananan huji, an fi samun ƙarancin ciwon huhu bayan aiki.

'Yar mai jinya: Ku bar ni in sa baki, mahaifiyata na yi jinya. Kowa tiyata yake tunani, alhali rama ce abokiyar gaba. Ku nemi masanin abinci tun yau, in an ce a sa robar ciyarwa ta hanji kada ku ƙi. In Baba yana shan taba, ya ajiye. Ya riƙa tattaki kullum, ko a tsakar gida ne.

Wanda aka yi wa aikin: Bayan aiki kuma cin abinci sai kaɗan-kaɗan, sau shida ko fiye a rana. Har yau ba na kwanciya sai na ɗaga kan gado, in ba haka ba ɗaci ya taso har baki. Muryata ta dushe na ɗan lokaci, ta dawo. In abinci ya soma tsayawa bayan 'yan watanni, kada ku firgita, sau da yawa wurin ɗinkin ne ya tsuke, ana buɗa shi ta baki.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Yaya, zan bi ka ta akwatin sirri kan maganar robar nan, don Baba ya ce shi ba za a sa masa ba.